MAKAƊAN MAJAMI'AR SAINT MARTIN: TARIHINSU DA FAYAFAYANSU

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a daren gasar zakarun Turai ya san taken nan da ake sawa kafin a take wasa, lokacin da 'yan wasa suke tsaye a jere. Amma kaɗan ne suka san cewa muryoyin da suka rera faifan asali na wannan take a shekarar 1992 muryoyin mawaƙan wata ƙungiya ce da ta samo sunanta daga wata majami'a a birnin Landan. Sunan ƙungiyar Academy of St Martin in the Fields. A cikin wannan rubutu za mu duba yadda ta faro, da irin kiɗan da take yi, da fayafayan da suka sa sunanta ya zaga duniya, da kuma gwajin da ta sha kafin ta kai inda take.

MENE NE ƘARAMIN RUKUNIN MAKAƊA?

A ƙasashen Turai akwai kiɗan da ake rubutawa a takarda, kowane makaɗi yana bin nasa layi kamar yadda mawaƙan ikilisiya suke bin littafin waƙa. Babban rukunin masu irin wannan kiɗa, wanda ake kira okestira, yakan kai mutum 80 zuwa 100. Ƙaramin rukuni kuwa yakan tsaya tsakanin mutum 12 da 45 ko makamancin haka. Turawa suna kiran kiɗansa kiɗan zaure, domin asalinsa a zaurukan sarakuna da na masu hali aka riƙa yinsa, kafin a fara gina manyan ɗakunan taro.

Ƙashin bayan rukunin shi ne dangin goge. Gogen Turai yana da tsirkiya huɗu, namu kuwa ɗaya. Suna da iri huɗu. Akwai ƙarami mai siririyar murya wanda ake ɗorawa a kafaɗa, masu kaɗa shi kuma akan raba su kashi biyu. Akwai wansa mai ɗan kaurin murya. Akwai babba wanda ake jinginawa tsakanin gwiwoyi a zaune, sai uban duka wanda ya kusa kai tsawon mutum. Wanda ya saba da waƙar murya huɗu a majami'a zai gane wannan tsari nan da nan, gama kusan haka aka raba aikin, daga mai sama har zuwa mai ƙasa. In kiɗan ya bukata, sai a ƙara sarewa, da wata irin algaita, da ƙaho, da tambura. A tsohon kiɗa kuma akan sa hafsikod, wani kayan kiɗa mai kama da fiyano, sai dai shi tsirkiyarsa figarta ake yi, ta fiyano kuwa bugu.

Amfanin ƙanƙanta shi ne kowace murya tana fita sarai. Wahalarta kuma ita ce babu wurin ɓuya. Wanda ya kuskure a cikin mutum ɗari yana iya ɓacewa a cikin taro, amma a cikin goma sha biyu kowa zai ji shi.

MAJAMI'AR DA TA BA SU SUNA

Majami'ar St Martin-in-the-Fields tana bakin Dandalin Trafalgar, a tsakiyar Landan. Ginin da yake tsaye yanzu James Gibbs ne ya tsara shi, aka gama a 1726. Ƙarshen sunan yana nufin "a cikin gonaki", domin a zamanin da wurin fili ne tsakanin Landan da Westminster, kafin gari ya haɗiye shi. Martin ɗin kuwa wani soja ne na daular Roma a ƙarni na huɗu, wanda ake ba da labarin cewa ya raba alkyabbarsa biyu da takobi ya ba wani mai bara rabi a lokacin sanyi. Daga baya ya zama bishop na garin Tours a Faransa. Majami'ar ta daɗe da yin suna wajen taimakon marasa wurin kwana.

Kalmar Academy kuma kada ta ruɗe mu, ba makaranta ake nufi ba. A ƙarni na 18 haka akan kira ƙungiyoyin masu son kiɗa a Landan, sai waɗannan makaɗa suka ari tsohon sunan domin tsohon kiɗa suka nufa yi.

NEVILLE MARRINER DA MAFARIN ƘUNGIYA

An haifi Neville Marriner a garin Lincoln na Ingila ranar 15 ga Afrilu 1924. Ya koyi goge a kwalejin kiɗa ta Landan, daga baya kuma a Paris. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa karatu, ya shiga soja. Yana jinya a asibiti a lokacin yaƙin ne ya haɗu da Thurston Dart, wanda ya zama babban masanin tsohon kiɗa kuma gwanin hafsikod. Wannan abota ta yi tasiri ƙwarai a kan yadda Marriner ya fahimci kiɗan mutanen da.

A ƙarshen shekarun 1950 Marriner shi ne shugaban kashi na biyu na masu goge a London Symphony Orchestra. Aiki ne mai daraja, amma makaɗi a babban rukuni ba shi da ta cewa. Mai sanda, wato jagoran da yake tsayawa a gaba yana nuna sauri da ƙarfin kiɗa da hannu, shi ne yake yanke kome. Marriner da wasu abokan aikinsa suka gaji da haka. A 1958 suka fara taruwa a falon gidansa suna kiɗa don jin daɗin kansu, suna muhawara a kan yadda ya kamata a kaɗa kowane layi. Har sukan ce da kansu 'yan gudun hijira daga hannun masu sanda. John Churchill, shugaban kiɗa na majami'ar St Martin, shi ya buɗe musu ƙofa. Ranar 13 ga Nuwamba 1959 suka yi kiɗansu na farko a gaban jama'a a cikin majami'ar. Su goma sha 'yan kai ne a lokacin. Matar Marriner, Molly, ita ta riƙe musu lissafi da wasiƙu da shirin tafiye-tafiye shekaru da yawa.

YAYA AKE KIƊA BABU MAI SANDA?

Mai karatu zai iya tambaya, in babu jagora a gaba, wa zai hana kowa kama gabansa? Amsa ita ce akwai jagora, sai dai yana zaune a cikinsu da gogensa. Shi ne mai kujerar farko. In za a fara, yakan ja numfashi ya ɗaga gogensa, sauran su gane. Motsin bakansa a kan tsirkiya yana nuna sauri, sunkuyawarsa tana nuna a sassauta. Haka aka saba yi a zamanin Vivaldi da Handel da Bach, gama mai sanda irin na yau sai a ƙarni na 19 ya kafu, lokacin da rukunoni suka yi girma.

Wannan hanya tana ɗora wa kowane makaɗi nauyi. Bai isa ya san nasa layi kaɗai ba, sai ya san na maƙwabcinsa, ya san inda zai fito da inda zai janye don wani ya fito. Yawancin aikin a wurin gwaji ake gama shi. A nan ake shirya ko baka zai hau ko zai sauka a kan kowane sauti, domin hannuwa su tafi tare. Daga irin wannan horo ne sautin ƙungiyar ya fito. Sauti ne mai tsabta, mara nauyi, mai ƙarsashi kamar na rawa. A wancan zamani an saba jin kiɗan Bach da Handel daga manyan rukunoni, a hankali kuma da nauyi. Da mutane suka ji shi da sauƙin ƙafa sai ya zama musu kamar sabo.

FAYAFAYAN FARKO

Ƙungiyar ta zo a kan gaɓa. Faifan garmaho mai dogon zango, wanda kowane gefe yakan ɗauki fiye da minti 20, ya fito a 1948. Sautin sitiriyo, mai fitowa ta lasifika biyu, ya shiga kasuwa a 1958. Kamfanoni suna neman kiɗan da za su cika fayafayai da shi, ƙaramin rukuni kuwa bai kai babba tsada ba, kuma sabuwar na'ura tana fitar da muryoyinsa ɗaya bayan ɗaya.

Wadda ta fara ba su dama ita ce Louise Hanson-Dyer, 'yar ƙasar Ostireliya, mai kamfanin L'Oiseau-Lyre. A 1961 suka ɗauki faifansu na farko, na kiɗan tsofaffin mawallafa irin su Corelli da Torelli da Handel. Masu sharhi suka yaba. Daga nan suka koma kamfanin Argo, wani reshe na Decca, inda suka yi fayafayai masu yawa a shekarun 1960, har da kiɗan goge da Rossini ya rubuta yana yaro ɗan shekara 12.

Ɗaukar faifai a lokacin aikin haƙuri ne. Akan zaɓi ɗakin da amonsa yake da daɗi, sau da yawa tsohuwar majami'a. A kaɗa yanki ɗaya sau da dama a kan tef, makaɗa su taru su saurara, su koma su gyara. Daga baya injiniya ya yanka tef ɗin da reza ya haɗa wuraren da suka fi kyau. In mota ta yi ƙara a waje, sai a sake.

LOKUTAN SHEKARA HUƊU

Faifan da ya kai su gidaje da yawa shi ne wanda suka ɗauka a 1969 na kiɗan Antonio Vivaldi mai suna Lokutan Shekara Huɗu, Alan Loveday ne ya kaɗa gogen gaba. Vivaldi (1678 zuwa 1741) firist ne a birnin Venice na Italiya, ya kuma yi shekaru yana koyar da kiɗa a wani gidan marayu na 'yan mata. An buga wannan kiɗa a 1725. Kashi huɗu ne, bisa ga lokutan shekarar Turai, wato lokacin tohon itatuwa, da na zafi, da kaka, da na sanyin ƙanƙara.

Ga wanda bai saba da irin wannan kiɗa ba, nan ne wuri mai sauƙin farawa, domin Vivaldi hoto yake zanawa da sauti. A kashi na farko ƙananan goge suna kukan tsuntsaye, can kuma makiyayi yana barci, goge mai kaurin murya yana haushin karensa. A na biyu hadari ya taso da tsawa. A na uku manoma sun yi bikin girbi har barci ya kwashe su, gari ya waye mafarauta suka fita. A na ƙarshe za ka ji haƙora suna kaɗuwa don sanyi, da ɗigon ruwa a waje alhali mutum yana jin ɗumi a bakin wuta. Faifan ya yi kasuwa ƙwarai, ya kuma taimaka wajen mai da wannan kiɗa ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani a duniya.

MARRINER YA ƊAUKI SANDA

Abin mamaki, mutumin da ya guje wa masu sanda shi ma ya ƙare da sanda a hannu. Dalili kuwa shi ne ƙungiyar ta fara kiɗan da ya fi girma, mai bukatar masu busa da yawa, wanda yake da wuya a ja shi daga kujera. Marriner ya koyi aikin a wurin Pierre Monteux, wani dattijon jagora Bafaranshe. A ƙarshen shekarun 1960 ya bar aikinsa na London Symphony Orchestra ya koma jagoranci sosai. Duk da haka ba a yar da tsohuwar hanya ba. Iona Brown, wadda ta shiga ƙungiyar a 1964, ta zama darakta a 1974, tana jan makaɗa da gogenta a kafaɗa. Kenneth Sillito ma ya yi wannan aiki shekaru masu yawa.

Daga shekarun 1970 mafi yawan fayafayansu a kamfanin Philips suka fito. Sun ɗauki kiɗan Brandenburg guda shida na Bach a 1971 tare da Thurston Dart, wanda ciwo ya ci ƙarfinsa ya rasu a watan Maris na wannan shekara. Sun yi fiye da shekara 10 suna ɗaukar kiɗan fiyano na Mozart tare da Alfred Brendel. A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa musu ƙungiyar mawaƙa a ƙarƙashin László Heltay, ɗan asalin ƙasar Hangari, sai ƙofar waƙoƙin ibada ta buɗe. Sun ɗauki Almasihu na Handel a 1976, suka sake ɗauka a birnin Dublin a 1992, shekara 250 bayan an fara rera shi a wannan birni ranar 13 ga Afrilu 1742. Gidajen rediyon Amurka sun riƙa sa fayafayansu dare da rana, har wata mujalla ta zana wani aku yana ƙarasa wa mai sanarwa sunan Marriner kafin ya faɗa.

GWAJI DAGA CIKIN GIDA

Ana cikin wannan nasara sai ƙalubale ya taso. Waɗansu makaɗa suka ce in da gaske ake son kiɗan mutanen da, to sai a koma ga kayan kiɗan mutanen da. Gogen zamanin Bach tsirkiyarsa ta hanjin dabba ce, bakansa gajere, sautinsa ya ɗan fi na yau ƙasa, kuma ba a cika karkaɗa yatsa a kansa ba. Ƙungiyar Marriner kuwa kayan zamani take kaɗawa. Christopher Hogwood, wanda ya yi shekaru yana kaɗa musu hafsikod, ya kafa tasa ƙungiyar mai suna Academy of Ancient Music a 1973. Trevor Pinnock ya kafa The English Concert a daidai wannan lokaci. Kafin shekarun 1980 su yi nisa, masu saye da masu sharhi da yawa sun karkata zuwa ga waɗannan sababbi a fagen kiɗan Bach da Handel da Vivaldi, wato gonar da Academy ta fara nomawa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙungiyar da abincinta yake fitowa daga faifai da tafiye-tafiye da gudummawar masoya, makaɗanta kuma ba 'yan albashi ba ne, gwargwadon aiki ake biyansu. Hausawa sun ce in kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Marriner bai sake kayan kiɗansa ba, amma ya faɗaɗa gona. Suka ƙara shiga kiɗan Haydn da Mozart da Beethoven da Schubert da Mendelssohn, da na mawallafan Ingila na ƙarni na 20, da wasan kwaikwayo na waƙa irin na Rossini. Muhawarar ta amfani kowa. Yau makaɗa masu kayan zamani da yawa sun koyi darasi daga masu kayan da, masu sauraro kuma suna da zaɓi biyu su gwada.

MOZART A MAJIGI, HANDEL A FILIN ƘWALLO

A 1984 aka fito da fim ɗin Amadeus, wanda Milos Forman ya shirya a kan rayuwar Mozart (1756 zuwa 1791). Marriner ya yarda ya ja kiɗan fim ɗin bisa sharaɗin cewa ba za a sake ko sauti ɗaya daga abin da Mozart ya rubuta ba. Fim ɗin ya ci lambar Oscar 8, faifan kiɗansa ya ci lambar Grammy, aka kuma sayar da fiye da miliyan 6. Mutane da yawa da ba su taɓa shiga ɗakin kiɗa ba ta nan suka fara jin Mozart. Sai dai wanda zai kalla ya sani cewa gabar da aka nuna tsakanin Mozart da Salieri ƙagen masu wasa ne, tarihi bai tabbatar da cewa Salieri ya cuce shi ba.

A 1985 Sarauniyar Ingila ta ba Marriner lambar girma ta Sir. A 1991, shekara 200 da rasuwar Mozart, Philips ya tattara ayyukansa a faifan CD 180, kuma kaso mai yawa na kiɗan okestira a ciki na Academy ne. A 1993 ta zama ƙungiyar makaɗa ta farko da ta karɓi lambar Sarauniya ta masu fitar da haja zuwa ƙasashen waje.

Taken gasar zakarun Turai kuwa Tony Britten ne ya tsara shi a 1992, ya ɗora shi a kan wata waƙar Handel mai suna Zadok Firist. Handel ya rubuta ta domin naɗin Sarki George na Biyu a 1727, kuma tun daga lokacin ana rera ta a naɗin kowane sarkin Ingila. Kalmominta daga 1 Sarakuna sura 1 aka ɗauko su, inda Zadok firist da annabi Natan suka keɓe Sulemanu ya zama sarki. Makaɗan Royal Philharmonic ne suka kaɗa taken, mawaƙan Academy suka rera da Turanci da Faransanci da Jamusanci.

BAYAN MARRINER

Ƙungiyoyi da yawa sukan mutu tare da wanda ya kafa su. Marriner ya guje wa wannan ta wurin sakin ragama tun yana da ƙarfi. A 2000 Murray Perahia, gwanin fiyano daga Amurka, ya zama babban baƙon jagora, yana jan makaɗa daga kan fiyano. A 2011 aka naɗa Joshua Bell, shi ma Ba'amurke, shugaban kiɗa, mutum na farko da ya riƙe wannan muƙami bayan Marriner. Ba baƙo ba ne a gidan, gama tare da su ya ɗauki kiɗan Bruch da Mendelssohn tun yana saurayi a shekarun 1980. Bell yakan zauna a kujerar farko da gogensa, wanda Stradivari ya ƙera a 1713, ya ja har manyan ayyukan Beethoven daga nan. Faifansu na simfoni na 4 da na 7 na Beethoven ya fito a 2013. Ashe ƙungiyar ta komo kan hanyar da ta faro.

Marriner ya ci gaba da aiki har ƙarshe. Ya rasu ranar 2 ga Oktoba 2016 yana da shekara 92, kwanaki kaɗan bayan ya ja makaɗa a Italiya. Fayafayan ƙungiyar sun haura 500, abin da ya sa take cikin ƙananan rukunonin da aka fi ɗauka a duniya. Sun ratsa zamanin garmaho da na kaset da na CD, yanzu kuma ana samun yawancinsu a intanet.

GA MAI SON SAURARA

Wanda yake so ya gwada, ya fara da Lokutan Shekara Huɗu na 1969, ya ga ko zai iya gano tsuntsaye da kare da tsawa da kansa. Sa'an nan ya saurari Zadok Firist ya gwada ta da taken ƙwallo. 'Yan ƙungiyar mawaƙa kuma su nemi Almasihu, su lura da yadda murya ɗaya take shigowa, wata ta bi ta, ba tare da wata ta danne wata ba. A saurari kowane yanki sau biyu ko uku, a karo na biyu a bi murya mafi ƙasa kaɗai, gama ita ce harsashin ginin.

Masu waƙa da masu ganga da masu busa na makaranta suna iya ɗaukar dabara ɗaya daga waɗannan mutane. A gwaji na gaba, malamin waƙa ya koma gefe na ɗan lokaci, a rera baiti ɗaya babu mai nuna hannu. Nan take za a gane wanda yake sauraron ɗan'uwansa da wanda muryarsa kaɗai yake ji.